Yadda za ki tsara naki karatun a hutun zafi, ke da kike karantar da yara a gida a Saudiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman mu da muke Jidda da Makka da Madina muna fama da karantar da yara a cikin shiƙƙa, wato gidan fulat, ko dan kuɗin makaranta ya fi ƙarfin aljihu ne, ko maganar takardu ce ta hana a ɗauki yaron, ko kuma ra'ayi ne kawai kin ga gara ki riƙe abinki a hannunki. Da ijaza ta zo, wato dogon hutun makaranta, maganar kowa ɗaya ce, wace daura (gajeren kwas na hutu) za a saka yara, wane tahfiz za a kai su. Ni yau maganarki nake so mu yi, ke malamar. Yaro duk shekara hawa aji yake, ita kuwa uwa in ba ta tashi tsaye ba tana nan inda ta tsaya tun ranar da ta ajiye littafi a Kano ko Gusau ko Maraɗi, kuma tambayar da za ta fi ƙarfinta tana nan tafe, yawanci daga aji huɗu zuwa biyar take fara leƙowa. Wata biyun nan daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, da zafi ya kulle kowa a ɗaki, su ne damarki ta shiga gaban yaron kafin ya cim miki. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Abu na farko, kar ki fara da sayen littafi. Ki fara da gano inda raminki yake.

Ki nemo littattafan ajin da yaronki zai shiga, ba wanda ya gama ba. In manhajar Saudiyya kike bi, littattafan suna nan kyauta a dandalin Ain na ma'aikatar ilimi, sai ki sauke a waya ko ki kai maktaba, wato shagon littattafai, a buga miki, kuma darussan da malamai suka yi suna nan a tashoshin Ain a YouTube aji aji. In ta Najeriya kike bi dan kina so yaran su koma su zana WAEC ko NECO da JAMB, to ki roƙi wani mai zuwa Umara ya taho miki da su. Ki zauna da biro ki buɗe fihirisar kowane littafi, babin da kin san za ki iya koyarwa yanzun nan ba shiri ki yi masa alama ɗaya, wanda kin taɓa sani amma ya shige miki duhu alama biyu, wanda ba ki taɓa gani ba alama uku. Amma kar ki yarda da zuciyarki a nan, dan ido yana ruɗi, mutum sai ya ga kan babi ya ce ai na san wannan. Ki je ƙarshen babin ki ɗauki tambaya biyar ki amsa a takarda ba tare da kin leƙa baya ba. In kin ci huɗu ki wuce. In kin tsaya kina juya biro, to ga karatunki na bana nan ya nuna kansa. Wannan aikin kwana biyu ko uku zai ci, kuma wallahi ya fi duk sauran matakan muhimmanci, saboda da yawanmu muna kashe hutu muna karanta abin da muka riga muka iya dan ya fi daɗi, mu bar wanda yake ba mu tsoro har Satumba ta zo.

A wajen mafi yawan iyayen da nake hulɗa da su ramin guda biyu ne, lissafi da nahawu. Lissafi kuwa yawanci daga kusur yake farawa, firakshan ɗin nan da muka sani a gida, sai raba dogon lissafi, sai kaso cikin ɗari. Ga kuma wani ƙarin nauyi da muke da shi a nan wanda na gida ba su da shi: littafin Saudiyya da lambobin Larabci yake zuwa kuma daga dama ake bin lissafin, na Najeriya da lambobin boko daga hagu. Biyar ta Larabci tana kama da sifirin boko, sifirin Larabci kuma ɗigo ne kawai. Yaron da yake tsakanin biyun yana rikicewa ba dan ba shi da ƙwaƙwalwa ba. In ke kanki hannunki bai saba da duka biyun ba, ki saka wannan cikin aikinki, duk lissafin da kika yi da waɗannan lambobi ki sake shi da waɗancan har ya zama ba kya tsayawa tunani.

Mataki na biyu, ki zaɓi abu uku, kar ki wuce uku. Na san zuciya tana son goma.

Na ɗaya shi ne wanda ya toshe ramin da kika gano, shi ne farilla. In lissafi ne, littafin yaron kansa shi ne littafinki, ba kya buƙatar wani, sai ki haɗa da bidiyon Ain ko Khan Academy in bayanin littafin bai shige ki ba. In Larabci ne, ki duba matsayinki da gaskiya. Akwai bambanci tsakanin Larabcin baƙala, wato kantin unguwa, da na tasi da muke yi kullum da wanda yake cikin Lugati, littafin Larabci na makarantun nan, mace sai ta shekara ashirin a Jidda tana ciniki ba a cuce ta ba amma ba za ta iya gaya wa ɗanta me ya sa wannan kalma ta ɗauki fataha waccan ta ɗauki damma ba. Mai farawa daga tushe ta kama Durusul Luga na Dakta Abdurrahim, wanda aka yi wa ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina, juzu'i uku ne, kuma juzu'i ɗaya ya ishe ki hutu guda in za ki yi duk tamrin ɗin da ke ciki, wato tambayoyin gwaji na bayan darasi. Wadda ta ɗan yi nisa ta koma Ajurrumiyya, ɗan ƙaramin littafi ne, da yawanmu mun ma taɓa biya shi a Islamiyya, amma wannan karon ki haɗa da sharhi mai tamrin ba hadda kawai ba.

Na biyu na addini, kuma ki zaɓi mai iyaka wanda za ki ga ƙarshensa. Arba'una ta Imam Nawawi hadisi 42 ce, ɗaya a rana da sharhinsa kin gama a sati shida in ba hutu, sati bakwai in kina hutawa ranar Juma'a. Tuhfatul Aɗfal ta tajwidi baiti 61 ce, kusan daidai da kwanakin Yuli da Agusta. Ko ki ɗauki fassarar Alƙur'ani ta Hausa ta Sheikh Abubakar Gumi wadda Maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina ta buga, ki bi ma'anar izifin da yaranki suke hadda, dan in ya tambaye ki me ayar take cewa kar ki ce masa bari Abba ya dawo. Akwai kuma wani abu da nake so kowace uwa a nan ta ba shi lokaci. Mu da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala aka raine mu, fiƙihun Malikiyya, su kuma littattafan nan galibi a kan mazhabar Hanbaliyya suke tafiya. Wata rana yarinya za ta ce Umma ya naga ke kaza kike yi a alwala amma littafi ya ce kaza. In ba ki shirya ba ko dai ki ce littafin ne bai sani ba ko ki ji kunya ki ɗauka duk abin da aka koya miki a gida kuskure ne, kuma duka biyun ba daidai ba ne. Ki ɗauki babin tsarki da na sallah kaɗai, ki ajiye littafin gida da na nan gefe da gefe, ki rubuta wuraren da suka saɓa, ki kai wa malama ko malamin da kika yarda da iliminsa ya warware miki hujjar kowane ɓangare. Yaro ya tashi ya san malamai suna saɓani kuma kowa da dalilinsa, wannan kaɗai tarbiyya ce babba.

Na uku naki ne, na jin daɗi, kuma ina roƙonki ki sa ya zama na Hausa. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Hausa, suna yin ta haɗe da Larabci, amma ki miƙa musu rubutu ki ga ikon Allah, ƙ da ɗ da ɓ sai su tsaya. Kuma ba za su ɗauka abu ne mai daraja ba in ba su taɓa ganin uwarsu riƙe da littafin Hausa tana dariya ita kaɗai ba. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam tun shekarun 1930 take kuma har yau ba ta tsufa ba, littafi uku ne, labari ɗaya a dare ki karanta da ƙarfi kowa ya ji. Na ƙanana kuma akwai labaran Hausa masu hoto kyauta a African Storybook. Yaron da ya iya harafin Larabci ma ajami ba zai ba shi wuya ba, ki nuna masa na jikin takardar naira ya karanta ki ga yadda zai ji daɗi.

Mataki na uku lissafi ne ɗan kaɗan. Ki ƙirga satin da kike da su, ki cire na ƙarshe ki ajiye shi gefe, za mu zo kansa. Ki cire Juma'a gaba ɗaya. Abin da ya rage ki raba shafuka a kai. Misali littafi mai shafi 400 a sati takwas, kwana shida shida, kwana 48 kenan, shafi tara a rana ya kai ki. Amma na lissafi da nahawu ba a raba su da shafi, da darasi ake rabawa, darasi ɗaya kwana biyu, ranar farko karatu ranar biyu tamrin. Ki rubuta a takarda babba ki manna a jikin firij, ba a waya ba, dan in kika buɗe waya duba jadawali sai kin tsinci kanki a TikTok.

Yanzu maganar lokaci, nan ne shirin mutane yake mutuwa.

Kowa ya san yadda ƙasar nan take komawa in zafi ya shigo, dare ya zama rana. Yara ido biyu har Asuba, a yi sallah a kwanta sai Azahar ko ma La'asar, ziyara bayan Isha, kasuwa sha ɗayan dare, biki sai ɗaya ake fara cin abinci. Ba laifin kowa ba ne, zafin ne, a Makka yana wuce digiri 45, lokacin Hajjin 2024 har ya haura 51 a Harami, kuma ita kanta hukuma tana hana aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. To amma in kika bi wannan tsarin gaba ɗaya ba inda karatu zai shiga, dan da dare gidan cike yake da hayaniya, da rana kuma kin tashi jiki a mace ga girki yana jira. Dole ki yanke shawara ɗaya tun ranar farko: minti arba'in bayan sallar Asuba naki ne. Ko kin kwana ido biyu da mutanen gida ko kin yi barci da wuri, bayan Asuba gidan shiru yake, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne kawai ke ƙara, kuma a wannan lokacin za ki yi littafi na ɗaya, mai wuyar. Kar ki ce bari in ɗan kishingiɗa tukuna. Ki ajiye littafin da biron kusa da sallaya tun dare, kina gama azkar ki jawo su a nan inda kike zaune. Wayar kuma ki bar ta a caji a wani ɗakin, in bidiyo za ki kalla ki sauke shi tun jiya ki kashe data.

Na addinin ki ba shi minti ashirin bayan Azahar ko kafin La'asar lokacin da ba mai iya fita ko ƙofa. Na Hausa da dare tare da yara. Duka in kin haɗa bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Mai shayarwa ko mai fita shugul, wato aiki, da sassafe, na san minti arba'in ma zai iya gagara. Ki mai da shi ashirin, ki bar littafi na ɗaya kaɗai, sauran ki saurara a kunne kina wanke-wanke ko a hanya. Kuma ki yi wa maigida magana a fili tun kafin ki fara, kar ki bari ya gano da kansa ya ga kamar an canza masa tsarin gida. Ki ce masa Abban yara, ina so in yi shirin ajin da yaran nan za su shiga, dan Allah bayan Asuba in ƙaramin ya tashi ka riƙe min shi na ɗan lokaci, shayinka yana filas. Mafi yawan maza in sun gane kuɗin lesin ne ake rage musu ba sa musu.

Mataki na gaba shi ne yadda za ki yi karatun kansa, dan karatun mai koyarwa daban yake da na mai wucewa. Ki sayi daftari ɗaya mai kauri na riyal kaɗan, ki raba shi uku. Duk darasin da kika gama ki rufe littafin ki rubuta da Hausarki yadda za ki bayyana wa yaronki shi, da irin misalin da zai gane, riyal da halala, rabon burodin tamis tsakanin mutum huɗu, kwalin ruwa nawa za a saya in baƙi goma ne. In kin kasa rubutawa da Hausa to ba ki gane ba tukuna, haddace kalmomin littafin kika yi, ki koma. A ƙasan shafin ki rubuta inda ke kika rikice, saboda kusan ko da yaushe a nan shi ma zai rikice, kuma ranar da ya kai wurin kin riga kin san hanyar fita. Larabci kuwa da murya ake karanta shi, ki furta wasalin ƙarshen kowace kalma kar ki haɗiye, nan ne za ki kama kanki. Sai sau ɗaya a sati ki kira babban cikin yaran ki ce zo in gwada maka wani abu da na koya, minti goma, ba a matsayin darasi ba. Fuskarsa za ta gaya miki ko bayanin ya yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma daftarin nan shi ne ruwan cikinki na shekara mai zuwa.

Sannan ki nemi wadda za ki dinga kai wa karatu. Mutum shi kaɗai sati biyu yake yi ya saki. Ƙawa ɗaya ta isa, ba sai an buɗe gurup mai mutum hamsin da za a cika da sitika da tallan atamfa ba. Ku yi alkawari duk Alhamis kowa ta tura wa 'yar uwarta saƙon murya na minti uku a WhatsApp ta faɗi abin da ta koya da bakinta, ba hoton shafi ba. In akwai wata Hajiya a unguwa da ta yi karatu mai zurfi, ki je ki gaishe ta ki ce Hajiya ina so in dinga kawo miki biya, tsofaffin nan suna jin daɗi in an nemi iliminsu kuma ba sa ɓoyewa. Haka iyayenmu suka yi tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, jajis, wato jagororin mata masu neman ilimi, suna ɗaukar karatu daga wajenta su kai wa mata har ƙauyuka. Alƙur'ani dai dole sai da mai saurare, ballantana in da Warshu kika tashi yaranki kuma Hafsu suke yi a tahfiz, kar ki dinga gyara musu abin da ba kuskure ba ne. Akwai halƙoƙin mata, wato zaman karatu rukuni-rukuni, a darul tahfiz na unguwanni, da yawa suna buɗe daura ta musamman a hutu, akwai kuma Maƙra'atul Haramain da ake karanta wa malami ta intanet daga gida.

Wajen samun littafi ba zan daɗe ba. Manyan shagunan littattafai irin su Jarir da Obeikan suna da kaya amma da tsada, littattafan addini ƙanana sun fi araha a maktabobin da ke kewayen Harami, na hannu kuma ki duba Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet. Mu'assasar Hindawi tana ba da littattafan Larabci kyauta a intanet har da labaran yara na Kamil Kilani masu wasali, suna da kyau ga uwa mai gyara Larabcinta. A Jidda akwai ɗakin karatu na Sarki Fahad, a Madina ɗakin karatun Masallacin Annabi (SAW) yana da ɓangaren mata. Wadda take son tsararren karatun addini mai jarrabawa ta duba Akadimiyyar Zad, shekara biyu ce ta intanet, sai dai wannan ba aikin hutu ɗaya ba ne, kar ki haɗa ta da abu ukun can ki ɗora wa kanki abin da ba za ki iya ba.

Shirin zai karye, wannan ki sa a ranki tun yanzu. Baƙin Umara za su sauka daga gida, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ko a yi rasuwa a unguwa. In kin rasa kwana uku kar ki ce sai kin rama su a rana ɗaya, shafi ashirin da bakwai a zama guda ba wanda zai zauna, kuma nauyin bashin ne yake sa mace ta rufe littafin gaba ɗaya. Ki ci gaba daga inda kika tsaya, ki matsar da jadawalin. In lokaci ya ƙure ki rage na biyu da na uku, na ɗayan ne ba a taɓawa. Ranar da abubuwa suka cakuɗe sosai ki yi tambaya ɗaya tak daga tamrin, ko a tsaye ne a kicin, dan dai igiyar kar ta tsinke.

Satin ƙarshen da muka ajiye, ba sabon karatu a cikinsa. Ki koma kan fihirisar nan da kika yi wa alama a farko, ki sake amsa tambayoyin babukan da suka kayar da ke, sababbin tambayoyi ba waɗanda kika riga kika ga amsarsu ba. Wanda kika ci ki goge alamarsa. Wanda har yanzu yake ba ki wuya ki duba a wane wata yaron zai iso shi, in zangon farko ne ki nemi mai taimaka miki tun yanzu, ko wata ɗaliba a unguwa ko malamin lesin na wannan babin kaɗai, in zango na biyu ne kina da hutun tsakiyar shekara. Makarantun gwamnati sun koma zango biyu tun shekarar karatu ta 1447 ta Hijira, in da kalandarsu kike tafiya sai ki raba babukan gida biyu. Ki rubuta a gaban kowane babi lambar shafin daftarinki inda bayaninsa yake. Mai yaro babba da ya kusa sakandare ta ƙara abu ɗaya a satin nan, ta zauna da maigida su tsayar da wace jarrabawa yaron zai zana, ta gida ce ko IGCSE, jarrabawar sakandare ta tsarin Birtaniya, da ake iya yin rajistarta ta British Council ba tare da makaranta ba, saboda karatun gida shi kaɗai ba ya ba da takardar shaida, kuma amsar da kuka tsayar ita za ta nuna littattafan da za ki sauke hutu mai zuwa.